Malam Uwaisu Yelwa, Mai Iyon Rigingine

Assalamu alaikum. Malam Liman, shugaban ƙungiyarmu, dattawan zango da suka taso daga Stratford, Hajiya Zinatu da 'ya'ya, jama'a baki ɗaya, sannunmu da haƙuri. Sunana Lawal. An ce in yi magana don na fi kowa daɗewa da marigayi. Gaskiyar ita ce na fi kowa yi masa dariya.

Ya kasance kwandastan bas, shekara ashirin yana ratsa Aldwych. Ya kasance ɗan bakin kogi, a Yawuri ya koyi iyo. Ya kasance kuma, Allah ya jiƙansa, mutumin da ba a gaishe shi a wuce da wuri. Tun ranar da ya karanta a library cewa an yi gasar iyon rigingine ta maza a nan London a 1908, muka shiga uku. Fasinja ya tambayi hanya, ya sha tarihi. Cewa yake mutanen farko hannu biyu suke jefawa baya lokaci guda, ƙafa na bugu irin na kwaɗo, kuma wannan ne iyo. Na yanzu gaggawa ce kawai.

A 1986 ya sa sunansa a gasar dattawa, har da baƙi daga Jamus. Muka cika bas daga Plumstead don mu mara masa baya. Aka busa usur, Uwaisu ya kwanta ya jefa hannuwa. To, a kogi ya saba karkata don kada ruwa ya ja shi. Ruwan kwamin iyo kuwa ba ya gudu. Ya haye igiyar raba layi ta farko, ya haye ta biyu, ya faɗa kan wani Bajamushe. Da ya fito, Hajiya ta ce, "Malam, na nawa ka zo?" Ya ce, "A layin wa?"

Shekara uku muna kiransa Kwaɗo. Ni na raɗa masa.

Sai a 1989 ƙungiya ta kai mu bakin teku. Na naɗe wando na shiga, wai in jiƙa gwiwa. Ban iya iyo ba, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Ruwa ya kwashe ni. Na sha gishiri, na fara kalmar shahada. Sai na ji hannu a haɓata. Uwaisu ne a rigingine, ya ɗora kaina a ƙirjinsa, yana wannan bugun da muke wa dariya.

"Kada ka riƙe ni," in ji shi. "Kwanta ka dubi sama."

Na ce, "Uwaisu, zan mutu!"

Ya ce, "Ba yau ba. Ban gama ba ka labarin 1908 ba." Wallahi ya ɗora daga inda ya tsaya, har muka taka yashi.

Bai taɓa yi mini gori ba. Sai dai ya je council ya yi booking na kwamin kowace Asabar don koyar da iyo, ya sa ni aji ɗaya da 'ya'yanmu.

Hajiya, kin yi haƙuri da jiƙaƙƙen tawul a kan kujera, Allah ya saka miki. Zaratu, ke da ƙannenki, na san da Turanci za ku amsa mini, amma kuna ji: babu yaron da ya bi ta hannun mahaifinku da ruwa zai tsorata.

Zuwana na ƙarshe asibiti, muryarsa ta yi ƙasa sosai. Na sunkuya. Ya ce, "Kada a yi cancel na Asabar."

Na ce, "Wa zai koyar?"

Ya ce, "Kai."

Na ce, "Ni da har yau ban wuce ruwan ƙugu ba?"

Ya ce, "Shi ya sa. Ba za ka bar yaro ya yi nisa ba."

Don haka jama'a, Asabar ƙarfe goma, ku turo yaran. Ina nan a ruwan ƙugu.

Mun gode da zuwanku. Allah ya gafarta wa Malam Uwaisu, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.