Ranar da Mai Hasashen Yanayi Ya Cire Rufin Gidansa

Mai girma shugaban taro, shugabannin wannan ma'aikata, abokan aikina na sashen hasashen yanayi, manoma da direbobin da ke sauraronmu kowace safiya, iyayena da ƙannena, assalamu alaikum.

Ina godiya da wannan lambar yabo, ina kuma godiya da ba ku nemi shawarar maiɗakina ba kafin ku ba ni.

Abu na farko, shekara ashirin da shida ke nan ina zaune gaban kwamfuta, tauraron ɗan'adam yana turo mana hoton gajimare, mu zuba lissafin zafi da iska da laima, na'ura ta auna mana yadda gobe za ta kasance. Aiki ne na gaske, jama'a. Bara da shi muka tashi mutanen bakin kogi kwana biyu kafin ambaliya, ko akuya ba a rasa ba.

Na biyu, a baran dai na tashi sauya rufin gidana. Na duba hoto, na duba lissafi: yiwuwar ruwa kashi ashirin cikin ɗari. Kafinta ya kalli gabas ya ce, "Ranka ya daɗe, iskar nan ba ta kwanta mini ba. Mu bari sai jibi." Na ce, "Malam, kai daga ƙasa kake hange, ni daga sama ake turo mini. Cire kwanon nan!" Ya cire. Kafin la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Katifa ta sha, littattafan yara suka sha, surukata da ta zo jinya muka tura ta ƙarƙashin teburi da baho a ka. Ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, wai nawa ka ce cikin ɗari?" Na ce, "Ashirin, Mama." Ta ce, "To, duka ashirin ɗin a kaina suka sauka."

Na uku, na'ura ba ta yi ƙarya ba. Ashirin ta ce, ni na ji sifili, domin sifilin nake so. Matasan da za ku gaje mu, ku faɗi lissafi yadda yake, ku kuma karɓe shi yadda yake, musamman ranar da bai yi muku daɗi ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya da fari, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.