Ranar Da Settimio Ya Zama Bajamushe

Mai girma magajin gari kuma shugaban taro, Ermete Paci; Don Anselmo, malamin cocinmu, wanda na ga har ya fara gyangyaɗi; babbar baƙuwarmu daga hukumar kayan tarihi, Dakta Fulvia Marchionni; manya da yara, waɗanda suka zo don biki da waɗanda ƙanshin taliya ya kawo: barkanmu da wannan rana.

Ina godiya da aka ba ni dama, ni Ottavia, mai riƙe da mabuɗin wannan fada shekara talatin da ɗaya, in faɗi yadda aka fasa rufe ta.

Na farko, kun san halin da muke ciki bara. Motocin masu yawon buɗe ido kan bi ta gindin tudunmu su nufi birnin Urbino, ko waiwaye babu. Fada mai shekara ɗari biyar, mai ginshiƙai goma sha shida, daga ni sai tantabaru. Kwatsam sai ga takarda daga hukuma: ranar Asabar Dakta za ta zo ta ga ko ana ziyara. In ba kowa, a garƙame ƙofa, a kwashe zane-zane zuwa birni.

Na biyu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni na ƙulla abin da ya biyo baya. Na bi gida-gida ina cewa, “Asabar kowa baƙo ne, ɗan yawon buɗe ido.” Gaspare mahauci ya aro gajeren wando, muka ga ƙafafun da matarsa ta rufa wa asiri shekara arba'in. Settimio mai burodi ya rataya matacciyar kyamara ya ce shi Bajamushe ne. Dakta ta iso ta tarar da layi har dandali. Settimio na tsaka da gwarancinsa sai ga surukarsa Nerina ta kutso, ta damƙe masa kunne da harshenmu na tudu: “Kai, shashasha, Jamus ɗin gidanku! Burodi na can yana ƙonewa a tanda!”

Dakta ta dube ni ta saman tabarau. Na ce, “Ranki ya daɗe, auren ƙetare ne.”

Na uku, kuma shi ne abin da ya tara mu. Na haura da su babban zaure, na riga na san asiri ya tonu. Jama'a, mutum saba'in, a inuwar ginin nan aka haife su, a cocin da ke jikinsa aka ɗaura musu aure, amma ba wanda ya taɓa taka wannan bene. Suka ɗaga kai suka ga zanen rufi: shuɗin sama, masu tsinkar inabi, ga tudunmu kamar jiya aka zana shi. Zaure ya yi tsit, har Nerina ta saki kunnen. Can Gaspare ya cire hula ya ce, “Ottavia, duk wannan namu ne? Me ya hana ki faɗa?”

Na ce, “Shekara talatin ina faɗa maka, kai kuwa hankalinka na kan cusa mini ƙashi a ma'auni.”

Da za ta shiga mota, Dakta ta ce mini, “Baƙinki na jabu ne, amma shirun da suka yi na gaske ne. Shi zan rubuta.”

Saboda haka ina roƙonku, kada ku jira wata takarda. Ku zo, ku kawo 'ya'ya, ku kawo jikoki, domin in mai gida ya raina ɗakinsa, baƙo ba zai cire masa hula ba.

Allah ya bar mana wannan gini, ya tsare rufinsa daga yoyo, ya mai da kowa gida lafiya. Ya kuma sanyaya zuciyar wani Ba'amurke da ya zo ranar da gashin baki na aro, wanda ga shi yanzu a kujerar shugaban taro yana hararata.

Na gode.