Sunan da Ke Cikin Faifai

A tashar Kalgo, cikin motar Gwandu da ta ƙi cika, Lukuman yana ta kare wani ɗan faifan kwamfuta daga rana da hularsa. Tsohuwar da ke gefensa ta kasa haƙuri.

"Ɗan nan, laya ce kake lallaɓawa haka?"

"Faifai ne, Inna. Na koya wa kwamfutar ofishinmu ajiye rubutun Hausa. A can yana fita daidai, amma in aka buɗe shi a wata irin kwamfuta sai haruffa su rikice. Abokina yana da irinta a Gwandu, zan je in gwada gyaran da na yi."

"To mi ka rubuta ciki?"

"Suna ɗaya ne kawai. Ruƙayyatu. Ƙa mai lanƙwasa ce ke ɓacewa, shi ya sa na zaɓe shi."

"Duk Hausa babu ƙwarya, babu ƙofa, sai Ruƙayyatu?"

Lukuman ya amsa yana kallon titi.

"Matata ce. Ta rasu da daminar bara. Kullum tana mitar cewa kwamfuta ba ta taɓa buga sunanta daidai ba, ko a katin asibiti. Na yi mata alkawari zan gyara."

"Allah ya jiƙanta." Tsohuwar ta gyara zama. "Ni ban san boko ba, ɗana, amma da ka faɗe shi ɗazu, ban ji inda ya rikice ba. Sake faɗi in ji."

Ya buɗe baki, muryar ta ƙi fita. Ba ta matsa masa ba, ta zauna tana jira.