Na Bi Lambatunmu Har Bakin Rafi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da safiya, ya aiki? Sunana Sani, daga Makarfi.

A daminar bana sau biyu ruwa yana shiga ɗakin mahaifiyata, ya jiƙa mata katifa. Na ɗora laifin a kan maƙwabcinmu Baba Audu, dattijon da ya ja katanga kusa da lambatun layinmu. Na faɗa masa baƙar magana a gaban mutane, na daina gaishe shi.

Ranar Asabar da hantsi na ce bari in bi lambatun nan in ga ƙarshensa. Na wuce kwalbati, na bi ta bayan kasuwar rake, har inda yake zuba a rafi. Wa zan gani? Baba Audu cikin ƙazamin ruwa iya gwiwa, yana janye ɓawon rake da ledoji da manjagara. Ashe nan lambatun yake toshewa, ruwa ya dawo mana gida.

Ya ɗago ya ce, "Sani, ɗakin Hajiya ya fi kowanne kwari a layinmu. In ban buɗe nan ba, ita za ta fara shan wahala."

Na karɓi manjagarar na ci gaba da aikin, amma ban ba shi haƙuri ba.

Masu sauraro, a gaban jama'a na ci mutuncinsa, yaya zan nemi gafararsa? Baba Audu, na san ba ka rabuwa da rediyonka. Ina kwana, Baba?