Zagaye Biyu Da Na Sassauta

Assalamu alaikum. Shugaban wannan zama, dattawan ƙungiyarmu ta masu tseren mota, alƙalan fili, 'yan'uwana makanikai, direbobi, da jama'ar da kuka cika ɗakin nan har bakin ƙofa, ina gaishe ku. Ina godiya da kuka ba ni damar magana kafin ku ɗaga hannu a kan ko za a kore ni daga ƙungiyar da na yi wa hidima shekara ashirin da shida.

Wanda ya kawo ƙarata ɗan ƙanwata ne, wanda kuke kira Guguwa. Ya ce ranar tsere da safe na taɓa injinsa ba da izininsa ba, na rage masa ƙarfi, har abokin karawarsa Mai Jar Mota ya wuce shi da tsawon mota guda. Ba zan wahalar da shaidu ba. Na taɓa. Na buɗe bonet, na sa sifana a notin ƙofar da ke sakin iskar turbo idan ta yi yawa, na sassauta shi zagaye biyu.

Ku dakata, don Allah, ku bar ni in kai ƙarshe.

Na farko, kowa cewa yake motocin nan biyu iri ɗaya ne. A ido, haka ne: girman inji ɗaya, turbo ɗaya, har salansa ɗaya. Amma Mai Jar Mota ya canza fistin ɗinsa huɗu da masu jure wuta, ya sa babban lagireton sanyaya iska, ya ƙara wa injin mai daidai da iskar da yake sha. Injin Guguwa kuwa, fistin ɗin da kamfani ya sa don kai yara makaranta, su ne a ciki har yau. Turbo ba ya tambayar abin da ke cikin inji. Cusa iska kawai ya sani.

Na biyu, ni na haɗa injin nan, na tsayar da agogon iska a kan ɗaya da rabi. Da Guguwa ya ji abokin karawarsa yana kan biyu, sai ya kai motar wani gareji aka ɗaure masa notin. Ranar gwaji ina tsaye a bakin kwana ya taka totur, na ji injin yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Duk bakaniken da ke ɗakin nan ya san wannan ƙara, ya kuma san abin da ke biyo bayanta.

Na tare shi na ce, "Yaro, injin nan yana cin kansa."

Ya ce, "Kawu, tsufa ne ya fara taɓa maka kunne. Ka je ka huta."

Na yi dariya, na ƙyale shi.

Na uku, ga abin da na zo da shi. Shugaba, karɓi ka duba. Wannan fistin na uku ne, jiya aka ciro shi daga injin Guguwa a gaban alƙalai biyu, ba da hannuna ba. Shafa gefensa. Ka ji inda ya fara narkewa? Wannan fa bayan na sassauta ke nan. Da na bar shi yadda yake, ba zai kai zagaye na shida na tseren ba. Kuma kun sani inji ba ya fashewa a inda mutum ya zaɓa: yana fashewa ne lokacin da ƙafa take ƙasa, baƙin mai ya malale ƙarƙashin tayoyin baya, ga kwana, ga katangar siminti, ga mota bakwai a bayansa.

Ban ce ba ni da laifi ba. Dokarmu ta ce kada hannu ya taɓa motar wani a ɓoye, kuma ina cikin waɗanda suka rubuta ta. Kamata ya yi in je wurin alƙalai a hana shi fita gaba ɗaya. Na kasa, domin na san wata nawa ya yi yana jiran ranar nan. Na so ya yi tserensa, na kuma so ya koma gida. Wannan son zuciyata ne, na amsa.

Ga katina na ƙungiya, na ajiye a kan tebur. In kun kore ni, ba zan riƙe kowa a zuciya ba. Abu ɗaya nake roƙo: daga yau kada a bar motar da aka ƙara wa iska ta shiga fili sai an duba abin da ke cikin injinta.

Kai kuma Guguwa, kwana tara ke nan ba ka gaishe ni ba, kuma abin yana yi mini ciwo. Ga ka can a layi na uku kusa da mahaifiyarka, kana ta hararata. Ci gaba da hararar, ɗana. Hararar nan na saya da zagaye biyun nan, kuma ban yi da-na-sani ba.

Allah ya tsare direbobinmu a kowace kwana, ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya mai da kowa gidansa da ƙafafunsa. Na gode.