Yadda Kwamfuta Ta Bi Shawarata Ta Cinye Ni

Mai girma shugaban taro, shugabar wannan cibiya, Malamarmu mai haƙuri, abokan karatu, matanmu da suka zo su ga abin da ke hana mu zaman shago, jama'a baki ɗaya, ina yi muku sallama.

Ina godiya da aka zaɓe ni, mai sayar da kayan gyaran babur, in yi magana a madadin ajinmu. Zan fara da yabon kwamfuta. Ban taɓa ganin mai gaskiya irinta ba. Ba ta taya kaya, ba ta ragi, ba ta san babba ba, ba ta san mai gida ba. Da a layinmu take, da ko kwana uku ba za ta yi ba.

Na farko, aikin. Malama ta ce kowa ya rubuta manhajar wasa, mutum da kwamfuta su kara, in ba haka ba babu satifiket. Wasan ɗan lido ne mai fuska shida, kuma ba caca ba ce, kada wani ya harare ni. Ka jefa, ka tara maki, ka tsaya lokacin da ka so. In ɗaya ta fito kafin ka tsaya, abin da ka tara a zagayen ya zube. Wanda ya riga kai ɗari ya ci. Ni da hannuna na rubuta wa kwamfuta doka: in kin tara ashirin, ki tsaya.

Na biyu, abin kunya. Ta ci ni sau goma sha ɗaya a jere, a kan teburin cin abinci, uwar yarana tana kallo. Ta ce, "Maigida, ba kai ka koya mata ba?" Sai na yi abin da ɗan kasuwa ke yi wa sikeli. Na ƙara layi guda a manhajar: ɗan wasa na farko, kada ɗaya ta taɓa fito masa. Ni ne kullum na farko.

Ranar gwaji Malama ta ja kujera ta ce, "Yau a bar baƙuwa ta fara." Ta mai da kwamfuta ta farko. Jama'a, na ga tashin hankali! Ɗaya ta ƙi fito mata, ta yi ta cina a gaban aji. Wani tela da ke gefena ya ce, "Mai babur, wannan aljanu gare ta?" Malama ta duba allo, ta dube ni, ta ce, "Layi na arba'in da biyu, wa ya aiko shi?" Na ce kuskuren yatsa ne. Ta ce, "Yatsan ya iya rubutu. Ka goge, ko ka maimaita aji."

Na uku, na goge, ga satifiket ɗina can a kan tebur. Amma har jiya tana cina. Ita tana kai ashirin take tsayawa, ni kuwa ina kai ashirin sai zuciya ta ce ƙara ɗaya.

Allah ya saka wa Malama da alheri, Allah ya albarkaci wannan cibiya, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.

Sai dai, ranka ya daɗe, kafin ka miƙo takardar nan: ni na ba da shawara, ita ta bi, ni na ƙi. Tsakaninmu wa ya gama makaranta?