Rufin da Sabi'u Ya Ce a Fasa

Jawabin Malam Usaini, shugaban Islamiyyar Kukar Amarya, a taron addu'ar arba'in na marigayi Sabi'u Dogo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda rai da mutuwa ke hannunsa, ba ya shawara da kowa in zai karɓi abinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, sannu da hanya. Allah ya ja zamanin Dagaci. Allah ya gafarta Malam Liman. Wakilin shugaban ƙaramar hukumar Sule Tankarkar da kansilanmu, mun gode da kuka bar aiki kuka zo. Shugaban ƙungiyar ci gaban garin nan, Alhaji Abdulbaqi, barka da ƙoƙari. Baƙinmu na Ɗanzomo da Gumel da Gagarawa, da abokan karatun marigayi da suka taso tun daga jami'a, sannunku da zuwa. Sai mahaifinsa Baba Dogo, da mahaifiyarsa Inna Kande da ke cikin gida tare da mata, da maiɗakinsa Safinatu, da 'yarsa Jannatu. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

An ce ni zan yi magana, don tare muka taso da Sabi'u, tare muka sha bulalar malam ɗaya. Na so a ba wani. Wallahi na so a ba wani, domin abin da ke bakina yau ba duka ne zai yi daɗin ji ba. To amma an riga an ba ni, sai ku yi haƙuri da ni.

Duk wanda ya san garin nan ya san ginin Baba Dogo. Rabin zaurukan Kukar Amarya hannunsa ne, kuma har yau ba wanda ya zo ya ce masa soron da ka yi mini ya zube. A gindinsa Sabi'u ya tashi, yana kwaɓa laka, yana jefa masa tubali sama. Da ya girma ya koma bulo da siminti, ya yi leburanci a Gumel, ya yi a Maigatari, har ya zama magini da ake nema da waya. Yana da mata, yana da 'ya, yana da abin cefane, sai rana ɗaya ya same ni a ƙofar makaranta ya ce zai koma karatu, zai yi digiri a fannin kula da ayyukan gine-gine.

Na yi masa dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Kai Sabi'u, da wannan gemun? Ginin da ka iya tun kana tsirara za ka je wani yaro mai tabarau ya koya maka?"

Ya ce, "Usaini, na iya ɗora bulo. Amma in ka tambaye ni me ya sa wannan ya tsaya wancan ya faɗi, sai dai in ce maka ikon Allah. Ikon Allah ne, ban musa ba, amma akwai sababi, kuma sababin nake so in sani."

Ya kasance mai naci. Litinin zuwa Alhamis yana aji, Juma'a zuwa Lahadi yana kan bangon mutane don gida ya ci abinci. Safinatu, ke kika san wannan fiye da mu, ke kika riƙe gidan da ɗinkin hula da haƙuri, Allah ya saka miki. Ya kasance mai zumunci, ba a taɓa ɗaurin aure ko jana'iza a garin nan an nemi Sabi'u an rasa ba, in dai yana gari. Ya kasance ba ya son a kira shi Injiniya. Mu kuwa da gangan muke kiransa, don mu ga yana ɓata fuska yana cewa shi ba injiniya ba ne, mai kula da gini ne. Ya kasance mai faɗin gaskiya ba tare da ya shafa mata mai ba, kuma wannan halin ne ya haɗa shi da mu.

Baƙinmu ba su san labarin ba, bari in faɗa. Kusan kowace damina iska sai ta yaye kwanon ajin Islamiyyarmu, yara su koma gindin darbejiya. Sabi'u ne ya kawo shawara a yi sabon aji da rufin kankare, wanda magina ke ce wa dekin, a huta da kwano. Shi ya zana, shi ya auna, shi ya tsaya aka ɗaure rodi, bai karɓi ko sisi ba. Alhaji Abdulbaqi ya bi 'yan kasuwar Maigatari rumfa rumfa har aka sami siminti. Wasu suka sayar da riɗi, wasu akuya. Ranar zubi aka yi gayya irin wadda ban taɓa gani ba, maza da kwanon sarki a ka, mata da jarkoki, har tsofaffi sun zo sun zauna suna sa albarka. Ina tuna Sabi'u a saman ginin, jikinsa duk siminti, yana dariya yana ce mini malamai ma ashe sun iya ɗaukar kaya.

Washegari zai koma jami'a, jarrabawarsa ta ƙarshe ta zo. Kafin ya hau mota ya tara mu ya bar mana magana biyu. Ya ce a shimfiɗa tsofaffin buhuna a kan rufin, a riƙa jiƙa su safe da yamma, kada a bari ya bushe. Ya ce sandunan da aka tokare rufin da su daga ƙasa, kada a taɓa ko ɗaya sai ya dawo.

To, jama'a, bazara ce. Kun tuna zafin bana. A makon nan famfon sola ya lalace, aka koma rijiya ɗaya, mutane da dabbobi. Mace ta yi layi tun safe ta sami jarka guda, sannan a ce ta miƙa a zuba a kan rufi? Mutane suka ce wannan almubazzaranci ne, Allah ma ba zai so ba. Kuma mu mutanen laka ne. Tun kakanninmu abin da muka sani shi ne gini rana yake so, in ya sha rana ya yi ƙarfi, ruwa kuwa shi ne abokin gabarsa. Wa zai ce mana akwai ginin da sai an shayar da shi kamar shuka? Aka jiƙa kwana biyu aka bari.

Sandunan kuma na aro ne, daga rumfunan mutane aka ciro su, ga damina ta matso kowa yana son ya gyara rumfarsa. Aka ce a tambayi wanda ya fi kowa sanin gini. Baba Dogo ya zo ya hau, ya ƙwanƙwasa da sandarsa kamar yadda yake yi wa soro, ya ji sauti garau. Ya ce ya bushe. Kuma gaskiya ya faɗa, ya bushe ɗin. Aka kwashe sanduna tun rufin bai yi mako guda ba.

Ranar da Sabi'u ya dawo, ko gida bai shiga ba, ya sauka daga babur da jakarsa ya nufi makaranta. Ina tare da shi. Ya ɗaga kai ya dubi rufin. Ya ciro zare ya ce in riƙe masa gefe ɗaya, ya ja shi daga bango zuwa bango, sai ga tsakiyar rufin ta sauko ta yi ciki. Ya hau sama ya karce da ƙusa, kankaren yana marmashewa. Ya nuna mini wata tsaga siririya kamar gashi, ya ɗauki gawayi ya yi alama a inda ta tsaya. Bayan 'yan kwanaki muka koma, ta wuce alamar.

Ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ya ce, "Usaini, siminti ba bushewa yake yi ba, nuna yake yi, kuma da ruwa yake nuna. An kashe shi da ƙishirwa, sannan an cire masa ƙafafu tun bai iya tsayuwa ba."

A taron ƙungiya ya miƙe ya ce rufin nan sai an fasa. Bango lafiya lau, harsashi lafiya lau, rodi ma za a iya ceto wasu, amma rufin ba zai yarda yaro ya zauna ƙarƙashinsa ba. Kai, ranar an yi hayaniya! Aka ce boko ya hau masa ka. Aka ce digirin da bai ma karɓa ba ya fara yi wa mutane girman kai da shi. Wani ya ce so yake a sake aikin don ya ci wani abu, shi da bai karɓi ko ruwan sha ba. Abin da ya fi yi masa ciwo, aka ce ya ƙaryata mahaifinsa a bainar jama'a. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Baba ya fi ni sanin laka har in mutu. Wannan ba laka ba ce."

Daga ranar mutane suka rage gaisuwa da shi. Sakamakonsa ya fito cikin damina, ya ci digirinsa da daraja mai kyau, ɗan garin nan na farko a wannan fanni, amma waɗanda suka je yi masa murna ba su cika tabarma ɗaya ba. Baba Dogo ya yi fushi, ba ya amsa masa sai da ka. Duk da haka kowace safiya Sabi'u sai ya je ya durƙusa a ƙofar zaure ya gaishe shi, ya tashi ya tafi. Da ya ga maganarsa ba ta shiga, sai ya ce zai je Gumel ya ɗauko wani babban injiniya mai furfura, wataƙila shi a ji tasa. A hanyar nan mota ta buge babur ɗinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba na cewa mu muka kashe shi. Kwanansa ne ya ƙare, ko yana kan gadonsa zai tafi. Amma ku ji abin da ya hana ni sukuni. Bayan rasuwarsa an shafe tsagar nan da filasta, an yi fenti, an rubuta allo mai kyau, Ajin Tunawa da Injiniya Sabi'u Dogo, kuma an sa ranar Asabar mai zuwa yara su shiga. Haba jama'a! Mutum ya mutu a hanyar neman wanda zai hana a shiga ɗakin nan, sai mu karrama shi da liƙa sunansa a ƙofar ɗakin?

Alhaji Abdulbaqi, na san da kyakkyawar niyya aka yi. Na san kai za ka koma gaban mutanen da ka roƙa ka ce musu a sake, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Na san sanyi ya kusa, yara suna waje, ni nake tsaye da su a wajen. Amma yaron da ya ji sanyi zai koma gida ya sha kunu. Ban san ranar da rufin nan zai sauko ba, Sabi'u ma ya ce bai sani ba, yana iya shekara, yana iya gobe. Ni dai ba zan tura 'ya'yan mutane ciki in tsaya ina ƙirga musu baƙaƙe ba.

Safinatu, ki yi haƙuri, ki ƙara haƙuri. Mijinki bai yi girman kai ba, ki faɗa wa Jannatu haka in ta girma. Inna Kande, Allah ya sanyaya miki zuciya, kin haifi ɗa na gari.

Baba, kai ka ba ni izini, don haka zan faɗa. Ranar Laraba da hantsi Baba Dogo ya same ni ya ce in buɗe masa ajin. Muka shiga. Tsagar ta ɓullo ta cikin sabon fentin, har ta yi reshe. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Laka na sani, Usaini. Wannan ban san shi ba, aka tambaye ni na ce na sani." Sai ya ce, "Jannatu wane aji za a sa ta?" Na ce, "Wannan ɗin, Baba." Ya jingina da bango. Ya ce, "Kullum yaron nan sai ya zo ya durƙusa, ban ce masa ko tashi ba. Ka faɗa musu ranar taro, ni bakina ba zai iya ba. Ka ce musu ni zan fara dukan rufin nan da hannuna."

To na faɗa. Abokan karatun Sabi'u da ke zaune can sun ce za su kwana a garin nan, su nuna yadda za a sake tokare rufin a fasa daga sama ba tare da kowa ya ji ciwo ba. Ƙungiya ba ta yanke hukunci ba, ni ma ba ni da ikon yanke mata. Abin da na sani, tsoho mai shekarun Baba ba zai iya fasa kankare shi kaɗai ba, kuma ya ce ko ba kowa, shi zai hau.

Muna godiya ga shugabanninmu da baƙinmu da duk wanda ya tako, Allah ya mai da kowa gida lafiya. Ya Allah ka jiƙan Sabi'u, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa karatun da ya wahala a kansa ya zame masa haske. Ka raya Jannatu, ka tsare ta da sauran 'ya'yanmu. Ka ba iyayensa da matarsa haƙurin rashinsa. Ka ba mu ikon karɓar gaskiya ko da mai faɗarta ya riga ya tafi. In tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.

Malam Liman zai rufe mana da addu'a. Baba, in an shafa, ka jira ni a ƙofar makaranta. Mabuɗin yana aljihuna.